Oloture da yarinyar da ke wanke-wanke a gidan Yaya

Wata ranar Juma'a da daddare a gidan yayata, an ɗauke wuta, maigidan ya tada janareta ya fice majalisa, yara duk sun yi barci, sai na ce mata Yaya zo ki ga fim ɗin nan da na daɗe ina ba ki labari. Oloture ne, na 'yan Legas, wanda ya hau Netflix a watan Oktoban 2020, labarin wata 'yar jarida da ta yi shigar karuwai ta kutsa cikin masu safarar mata zuwa Turai don ta tona musu asiri, ƙarshe ita ma ramin ya rufta da ita. Rimot na hannuna, duk inda na san ba a kallo da babba sai in tsallake, ita kuma ta yi kamar ba ta lura ba. Da aka zo inda aka kashe Linda, ɗaya daga cikin matan da za a tsallakar wadda ta taho da ƙanwarta, saboda an kama ta da waya, Yaya ta ja mayafi ta rufe ido tana salati. Fim ya ƙare ta daɗe ba ta ce uffan ba, can ta numfasa ta ce, "Auta, su dai mutanen nan Allah ya shirye su. A ce mace ta ɗauko ƙanwarta da hannunta ta kai ta wannan halaka saboda kuɗi? Mu dai alhamdulillahi ba mu san wannan ba."

Ko rufe baki ba ta yi ba ta juya wajen kicin ta ɗaga murya, "Ke! Har yanzu ba ki gama wanke-wanken nan ba?" Lokacin ƙarfe 11 saura. Yarinyar da ta amsa ba za ta wuce shekara 10 ba, wata dillaliya ce ta kawo ta daga ƙauye, kuɗin aikinta kuwa ko kalarsu ba ta taɓa gani ba, dillaliyar ce ke zuwa ƙarshen wata ta karɓa ta cire nata, sauran wai ta aika wa uwar ana tara na kayan ɗaki. Kada a ce ina ci wa Yaya fuska, wallahi ba muguwa ba ce, abin da 'ya'yanta suka ci shi yarinyar ke ci, da salla har atamfa take ɗinka mata. Amma dokar hana safarar mutane ta Najeriya, wadda aka sabunta a 2015, ta faɗa ƙarara cewa ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida laifi ne mai ɗauri, da mai kawowa da mai karɓa duk suna ciki. Yaya ba ta taɓa jin wannan ba, kuma ta zauna kusan awa biyu tana kallon fim a kan safarar mutane ko sau ɗaya zuciyarta ba ta ɗarsa mata kicin ɗinta ba.

Tun daren nan nake juya maganar da ake yawan yi ta wakilci a fim, wato wa aka nuna, wa aka bari, wa aka sa ya zama mugu. Mu 'yan arewa yadda muka saba ɗaukar maganar shi ne ƙirga kawuna, a duba jerin 'yan wasa a ce to ina namu, kuma ƙorafin yana da tushe, don shekara da shekaru Bahaushe a fim ɗin kudu ba ya wuce maigadi mai gurguwar Turanci da rediyo a kunne, ko ɗan canji, ko Alhaji mai tumbi da ke bin 'yan mata. To amma fim ba hukumar raba daidai ba ce da za a ce kowace shiyya sai an ba ta kujera. Da a ce an ɗauko wata Bahaushiya an jefa ta cikin gidan karuwan Legas ɗin nan don kawai a ce an yi da kowa, da ba abin da zai ƙara, ƙila ma zagi za a sha. Ni wakilcin da ya dame ni a fim irin wannan shi ne wanda zai sa mai kallo ya gane tarkon da ke ƙofar gidansa, ya gane fuskar mai ɗana shi. In fim ya gama da mutum bai gane wannan ba, to ya razana shi ne kawai, kamar fim ɗin aljanu.

Kuma tsakani da Allah a wajen mutanen da aka yi fim ɗin dominsu, Oloture ya yi wannan aikin. Zancen kai matan jihar Edo karuwanci Italiya ai ba ƙage ba ne, tun ƙarshen shekarun 1980 hanyar ta buɗe, kuma alƙaluman hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, sun nuna matan Najeriya da suka isa Italiya ta teku sun tashi daga kusan 1,500 a 2014 zuwa wajen 11,000 a 2016, hukumar ta kuma ce a ƙiyasinta kusan 80 cikin 100 na iya zama waɗanda aka yi safararsu. Yarinya za ta isa a ce mata ana bin ta bashin Yuro 30,000 ko 50,000, ita kuma a ranta lissafin naira take yi, kafin ta tafi an kai ta gidan boka an yanke farce da gashi ta yi rantsuwa cewa in ta gudu ko ta tona asiri hauka ko mutuwa. Ƙarfin rantsuwar nan har ya kai a watan Maris na 2018 Oba na Benin, wato sarkin birnin Benin na jihar Edo, Ewuare II, ya tara bokayen masarautarsa ya warware duk irin wannan rantsuwa ya kuma tsine wa duk wanda ya sake ɗaura wa wata. To yarinyar Benin da ta kalli fim ɗin za ta ga unguwarsu, ta ji irin Turancin buroka da ake yi a gidansu, ta ga wurin rantsuwar da aka ba ta labari. Abin da ya fi burge ni ma shi ne Alero, wadda Omoni Oboli ta fito a matsayinta, mace ce mai ado da fara'a da ke haɗa tafiyar, ita ma a ƙarƙashin wasu maza take da suka fi ta mugunta, sannan Linda da kanta ta biya kuɗi ta ɗauko ƙanwarta Beauty daga gida tana ganin gata take mata. Nan fim ɗin ya faɗi gaskiyar da yawancin irinsa ke tsallakewa, cewa ba baƙo ne ke ɗaukar mutum ba, na gida ne.

Ka kwatanta da Taken na 2008, wanda na tabbata kusan duk mai zuwa gidan kallo a arewa ya gani ko da da fassarar Hausa. Yarinya Ba'amurkiya 'yar gata ta sauka a Faris, 'yan daban Albaniya suka fasa gida suka ja ta ta ƙarfi, aka yi gwanjonta, mai saye Balarabe ne a jirgin ruwa, uban kuma tsohon jami'in leƙen asiri ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Fim ne mai daɗin kallo, ban musa ba, ni ma na kalla ya fi sau uku. Amma darasin da ya bari a kan mutane shi ne mai safara baƙo ne mai baƙin harshe da bindiga, wadda ake safara kuma 'yar mutunci ce da aka sace da rana tsaka. Duk wadda ta je da ƙafarta, ko uwarta ta miƙa ta, ta fita daga layin tausayi ke nan. Su kuma 'yan Albaniya da Larabawa an bar su da tambari a goshi.

Inda nake da ja da Oloture shi ne wa aka ɗora a tsakiyar labarin. Jarumar 'yar jarida ce mai digiri, tana da edita da ke jiran wayarta, tana da gidan komawa in ta cire gashin dokin da guntun siket, mu masu kallo kuma ta idonta muke kallon sauran matan, tausayinmu mafi girma nata ne saboda mun san ita "ba irinsu ba ce". Ka lura da wannan, shi ne dai ciwon Taken ya dawo ta taga. Blessing da kawalinta Chuks ke jibga kullum, Peju, Linda, su ne ainihin masu labarin amma a gefe suke tsaye suna jiran lokacin da za a buƙaci hawayensu ko jininsu. Na san dalilin masu fim, suna son wadda mai kallon Lekki, unguwar masu kuɗin Legas, da Landan zai ce ai kamar ni ce, amma da a ce Linda aka ba jan ragamar fim ɗin tun daga ƙauyensu har ranar da wayar nan ta ci amanarta, da Yaya ba ta yi tambayar da ta yi ba, da ta ga yadda talauci ke sa mutum ya ɗauko ƙanwarsa yana ganin aikin lada yake.

Wani abin kuma da ya faru a wajen kyamara ya fi na cikin fim ɗin nuna inda matsalar take. Akwai 'yar jarida ta gaske, Tobore Ovuorie, da ta yi irin wannan shigar burtu, jaridar Premium Times ta buga rahotonta a farkon 2014. Bayan fim ya fito ta fito fili ta ce rayuwarta ce aka ɗauka aka yi fim ba da yardarta ba, kamfanin EbonyLife na Mo Abudu kuma ya ce shi daga jaridar ya nemi izini kuma ya ambaci sunanta a fim ɗin. Ni ba alƙali ba ne, amma abin ya tsaya mini a rai, fim a kan yadda ake cin gumin mata, sai ga macen da ta sa ranta a kasada tana kukan an ci guminta. In wadda ke da alƙalami da jarida a bayanta ta yi wannan kukan, ina ga matan da ta tarar a can waɗanda ko sunansu ba wanda ya riƙe?

Sai a 2024 aka ci gaba da labarin Oloture a wani shiri mai kashi 3, tafiya ta bi ta Nijar ta nufi Libiya, na ce to yanzu an shigo ƙasarmu. An shigo kam, amma labarin har yanzu na matafiyan ne, ƙasar kuma hanya ce kawai da ake ratsawa, rairayi da zafi da haɗari. Haka ake mana kusan a duk fim da rahoton da ya taɓa wannan hanya, ka ga rawani, ka ga Hilux, ka ga mai bindiga, ka ji an jefo kalmar Hausa ɗaya biyu, an wuce. Alhali Agadas gari ne mai mutane, mai sarki, mai masallacin laka da ya yi ɗaruruwan shekaru, kuma Hausa ake ciniki da ita a kasuwarsa. Direban nan da ake nunowa da fuska a rufe yana da nasa labarin, da yawansu masu yawo da Turawa 'yan buɗe ido ne a da, ko tsofaffin 'yan tawaye da aka ce su ajiye bindiga su nemi sana'a, sana'ar da ta samu ita ce ɗaukar fasinja zuwa Libiya, duk ranar Litinin ayari ya tashi, mutum ashirin da wani abu a bayan mota kowa ya maƙale sanda tsakanin ƙafafu kada ya faɗo. A 2015 Nijar ta yi dokar da ta haramta wannan jigila, Turai na matsa mata lamba, aka kama direbobi aka ƙwace motoci, waɗanda suka rage suka bar hanyar rijiyoyi suka koma bin ɓarauniyar hanya inda in mota ta lalace sai dai Allah, sannan a watan Nuwamban 2023 gwamnatin soja ta Janar Tiani ta soke dokar. Kuma akwai bambanci tsakanin wanda ka biya ya tsallakar da kai boda ku rabu, da wanda ya mayar da kai haja ya sayar, irin gwanjon mutane da CNN ta nuno a Libiya a 2017 ana kiran Dala 400. Wani lokaci mutum ɗaya ne ke yin duka biyun, wani lokaci ba haka ba, fim ɗin da ya san ƙasar shi ne zai iya rarrabewa.

Ba kuma za a ce daraktan baƙon arewa ba ne, Kenneth Gyang ɗan Filato ne, ya ma taɓa yin fim da 'yan wasan Kannywood a kan gwajin maganin Pfizer da aka yi a Kano a 1996. Don haka ban ɗora masa laifin rashin sani ba, labarin da aka ba shi na Legas ne, kuɗin na Legas ne, ya yi abin da aka sa shi. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo, to mu masu ɗakin me muka yi?

Don labaran suna nan jibge. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a sahara tsakanin Arlit da bodar Aljeriya, motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su, mafi yawansu mata da ƙananan yara, da yawansu daga yankin Kance a jihar Damagaram, nan tsallaken Daura, Hausawa ne irina irinka, kuma abin da ya saba kai matan yankin Aljeriya shi ne bara da aikatau, har akan tafi da yaran da ba na mutum ba don a fi samun sadaka. Nijar ta yi makokin kwana 3. Shekara goma sha wani abu ke nan, ni dai ban ga fim ɗinsu ba. Ga Hadizatu Mani daga yankin Birnin Ƙonni, an sayar da ita tana shekara 12 a kan sefa dubu 240 ga wani mai mata huɗu a matsayin wahaya, wato ta biyar da ba aure ba sadaki, ta yi shekaru tana bauta tana haihuwa, da ta samu kanta ta kai ƙasarta ƙara kotun ECOWAS, a 2008 kotu ta ce Nijar ta gaza kare ta daga bauta ta kuma sa a biya ta sefa miliyan 10. Fisabilillahi wane marubucin fim ne zai ƙago jarumar da ta kai wannan? Ga kotu, ga barazana, ga ɗauri da aka yi mata a tsakiyar shari'a wai ta yi aure kan aure, komai na fim mai tada hankali yana ciki, kuma ita ce a tsakiyar labarinta, ba wata 'yar birni da ta zo ceto ba.

Sai babbar, wadda kowace unguwa a Kano da Katsina da Maraɗi ta san da ita amma ba a kiranta da sunanta, tafiya Saudiyya aikatau. A layinmu akwai wata bazawara mai 'ya'ya uku, wata Hajiya 'yar Kano-Jidda ce ta haɗa ta da ejan, aka ce ba sai ta biya ko sisi ba, fasfo da biza da tikiti duk za a yi mata, in ta fara aiki a riƙa cira a hankali, ga Umara ga ɗawafi kyauta, wa zai ƙi? Ranar tafiya har walima aka yi mata, mata na cewa ki sa mu a addu'a in kin ga Ka'aba. Da saukarta kafil, wato ubangidan da bizarta ke hannunsa, ya karɓe fasfo, aka kai ta wani gida mai hawa uku a garin da ko sunansa ba ta iya faɗa ba, shagala, wato 'yar aiki, ita kaɗai, wata shida na farko albashi na tafiya wajen ejan, in ta samu waya sai ta turo wa ƙanwarta saƙon murya a WhatsApp cikin raɗa daga banɗaki, ni da kunnena na ji ɗaya, tana cewa a roƙi Hajiya ta taimaka ko canza mata gida a yi, ƙarar famfo na tashi a bayanta don kada matar gidan ta ji. Da ta gudu sai ta zama takari mara igama, wato takardar izinin zama, ana ɓuya ana aiki, har aka kama ta aka kai tarhil, inda ake tsare waɗanda za a koro, aka dawo da ita da leda ɗaya. Ka cire boka ka sa "ai kin yi alkawari, ki ji tsoron Allah", ka cire Italiya ka sa ƙasa mai tsarki, tsarin bashin da ƙwace takardun da 'yar uwa mai haɗa tafiyar duk ɗaya ne da na Alero. Bambancin kawai namu yana sanye da hijabi har ƙasa, shi ya sa Yaya ta kalli na wasu ta ce ba mu san wannan ba. Laifi tudu ne.

Na san abin da 'yan Kannywood za su ce, hukumar tace fina-finai ba za ta bari ba, kuma jama'a za su ce ana tona asirin arewa. Na farkon ban karɓa ba. Gaskiya ne masana'antar da aka kori Rahama Sadau a 2016 saboda runguma a bidiyon waƙa ba za ta iya nuna gidan karuwai yadda Legas ta nuna ba, to amma wa ya ce sai da tsiraici? Labarin bazawarar layinmu daga farko har ƙarshe ba inda ake buƙatar a cire ko ɗankwali, ofishin ejan ne, filin jirgi, kicin, banɗaki, waya. Tashin hankalin yana cikin jiran saƙo, da fasfo a aljihun wani, da uwa da ta riga ta ci bashi da sunan kuɗin da za a turo. Ni a ganina ma tsiraicin da ke Oloture, in ka cire wurin rantsuwar da dole sai an nuna wulaƙancinsa, rage masa masu kallo ya yi a irin gidajenmu, ga shi ni kaina da rimot na kalla. Na biyun kuwa, zancen tona asiri, ai hukumar yaƙi da safarar mutane, NAPTIP, tun 2003 take, tana da ofis a Kano, duk wanda ke bin labarai ya sha jin an tare mota a hanyar Daura ko Illela ko Maigatari cike da waɗanda za a tsallakar. Asirin da ke fita a rediyo duk wata wane rufi ya rage masa.

Amma akwai tsoro ɗaya da ni ma nake da shi, kuma shi ne ɗaya fuskar wakilcin. A 2019 'yan sanda sun ceto yara 9 da aka sace a Kano aka kai Onica aka sayar, aka canza musu suna da addini, a 2021 kotu a Kano ta yanke wa jagoran ɗaurin shekara 104. Wannan ma labarin fim ne, kuma na tabbata shi ne wanda furodusa zai fi saurin ɗauka, don mugun baƙo ne, mai kallo zai fito yana huci yana jin shi tsarkakakke ne. In aka yi shi da ganganci to Taken ɗinmu muka yi, mun mayar da ƙabila guda Albaniyawa, a garin da kowa ya san abin da ƙaramar magana ke iya haifarwa tsakanin Sabon Gari da cikin birni. Iyayen yaran nan sun cancanci a ba da labarinsu, ƙwarai kuwa, sai dai wanda zai bayar ya zama mai iya nuna ɓarawon yara a matsayin ɓarawon yara, ya kuma sami ƙarfin halin juyo da kyamarar cikin gida a fim na gaba. In muna jin haushin a mayar da mu maigadi da ɗan bindiga, bai kamata hannunmu ya yi rawa wajen hana kanmu yi wa wasu irinsa ba.

Ƙarshen watan na koma gidan Yaya kai saƙo sai na tarar da dillaliyar ta zo. Dattijuwa ce fara sol da lalle a ƙafa, carbi a hannu, ta amsa gaisuwata da "ɗan nan ya aiki, ya mutan gidan", aka kawo mata ruwa da ɗan wake ta ci, ta yi wa yaran gidan addu'a ɗaya bayan ɗaya, ta kira yarinyar ta ce ki riƙa jin maganar Hajiya kin ji, uwarki na gaishe ki. Sannan ta karɓi kuɗin ta ƙirga sau biyu ta ƙulle a bakin zani, ta ce akwai wasu biyu da za a kawo mata bayan girbi in an san mai so, ɗaya ma ba ta kai wannan ba amma akwai ta da wayo. Duk dattijan matan da ke fitowa a uwa ko kaka a fina-finanmu kowacce za ta iya hawa wannan kujerar ba tare da an canza mata ko mayafi ba. Da ta fita na ce Yaya kin san matar nan aikinsu ɗaya da Alero ta fim ɗin nan? Ta dube ni sheƙeƙe ta ce, "Kai Auta ka ji tsoron Allah, matar da ta je Makka sau biyu?"